Kwana biyu a teburin poka a Marrakesh, na dawo Garwa hannu rabbana

Ɗanjuma, Hausare:
Salamu alaikum jama'a. Tunda Bello ya riga ya fasa ƙwai jiya da ya ce a tambaye ni abin da ya kai ni Marrakesh, gara in ba da labarin da bakina kafin a ƙara masa gishiri. Sharaɗina ɗaya ne: maganar ta tsaya a zauren nan, kada ta kai gida.

Wasunku sun san wurin aikinmu ya tura ni Kasabalanka horo na mako uku. Da aka gama, saura kwana huɗu jirginmu na Duwala ya tashi, sai na hau jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, tafiyar kamar awa uku. Na ce wa abokan tafiya zan je in ga masallacin Kutubiyya in sayo tsaraba. Gaskiya ne, na gan shi. Amma tun ina Garwa na gani a intanet cewa akwai gasar poka a garin a wannan makon, kuma abin yana raina.

Bello Kilando:
Ni ban fasa komai ba, tambaya kawai na yi. Ci gaba, kunnenmu na wurinka.

Hajiya Ladi, Marwa:
Tsaya tukuna Ɗanjuma. Mene ne poka kuma? Irin kartar nan ce da samari ke yi a bayan tasha?

Ɗanjuma, Hausare:
Karta ce dai Hajiya, guda 52 ɗin nan da kika sani. Wadda aka fi yi a gasa suna ce mata Teksas holdam. Kowa a ba shi kati biyu a kife, shi kaɗai ya san abin da ya riƙe. Sai mai rabawa ya buɗe biyar a tsakiyar tebur: uku a tare, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. Ka haɗa naka da na tsakiya ka fitar da biyar mafi ƙarfi. Kafin kowace buɗewa da bayanta ana zubi, ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka jefar da katinka ka haƙura. Ba kuma dole sai naka ya fi ba. In ka yi burga da zubi mai nauyi kowa ya tsorata ya jefar, ka kwashe, ba wanda zai ga abin da ke hannunka.

A gasa ba a ɗora kuɗi a tebur. Ka biya kuɗin shiga, a ba ka jeto, wasu 'yan faya-faye masu launi, kowa daidai da kowa. Wanda nasa ya ƙare ya tashi. Akwai kuma zubin dole da ke zagaya teburin yana hauhawa da agogo, don haka ba ka isa ka naɗe hannu kana jiran kati mai kyau har gobe ba, zai cinye ka kana zaune. A haka ake ta raguwa har jeton duka ya taru a gaban mutum ɗaya.

Ni tun muna jami'a a Dang, can Ngaundare, na koya. Da murfin kwalba muke yi a ɗaki, ba sisi. Bayan nan sai a waya, da kuɗin wasa. Har na fara ji a jikina cewa na iya.

Kuɗin shiga babbar gasar dirhami 6,000 ne, wajen jaka 360 na sefa kenan, ni kuwa ina na gan su. Amma ana gobe akwai ƙaramar gasa ta neman kujera, dirhami 660, cikin kowane mutum goma ɗaya ke samu. Na samu.

Usman Mai Albasa:
To madalla, ashe da sa'arka ka je.

Ɗanjuma, Hausare:
Haka na ɗauka. Washegari da ƙarfe biyu na rana na shiga. Jama'a, gani ya kori ji. Zaure ne wanda ba taga ko ɗaya, tebura jere kamar rumfunan kasuwa, mun haura mutum 400. Abin da ya fara shiga kunnena ƙarar jeto ce, kowa yana murza nasa da yatsu, kamar ƙarar ruwan sama a kan kwano. Faransawa ne suka fi yawa, sai 'yan Maroko, sai 'yan Sifaniya. Baƙar fata a iya ganina ba mu kai goma ba.

An ba kowa jeto 30,000. A waya ba wanda ke ganin hannunka, nan kuwa mutum takwas ne suka zuba maka ido. Karon farko da na samu kati mai kyau, sarki biyu, na ɗauki jeto ɗaya babba na jefa da niyyar ƙari, ban ce komai ba. Mai rabawa ta ce bi ne. Ashe doka ce, in ka jefa jeto ɗaya tal baki rufe, to bi ka yi, komai girmansa. Nan take tebur duka ya gane baƙo ya zo. Wata tsohuwa Bafaranshiya da ke hagu da ni ta yi ɗan murmushi, daga nan duk sanda na zuba sai ta ƙara a kaina. Awa uku tana tatsa ta kamar saniya. Sai a hutu wani ɗan Senegal ya ja ni gefe ya ce, ɗan'uwa, in katinka ya yi kyau kana saurin kallon jetonka, kowa ya gani.

Bayan nan na gyara zama. Na yi burga ɗaya da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi: ba ni da komai a hannu, na tura rabin abin da ke gabana, wani saurayi mai tabarau ya yi minti biyu yana kallona, ina jin bugun jijiyar wuyana, daga ƙarshe ya jefar. Wajen ƙarfe biyu na dare aka tsaya, aka ba mu leda muka zuba jeto muka rubuta suna. Mun rage 90 da wani abu.

Malam Hamadu, Kusiri:
Ɗanjuma, kafin ka kai ƙarshe ina da tambaya. Daga biyu na rana zuwa biyu na dare akwai la'asar, akwai magariba, akwai isha'i. Ina ka sa su?

Ɗanjuma, Hausare:
Allah gafarta Malam, ana ba da hutun minti goma sha biyar bayan kowace awa biyu. La'asar na yi ta a wurin ajiye motoci, a kan kwali. Magariba kam sai da na haɗa ta da isha'i a masauki, gab da asuba. A ciki ba ka sanin rana ta faɗi.

Malam Hamadu, Kusiri:
To ka karanta aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida. Ta farko ta haɗa caca da giya ta ce a nisance su. Ta biyu ta faɗi dalili: ƙiyayya da gaba a tsakaninku, da kange ku daga ambaton Allah da salla. Ni ban ƙara komai ba, kai da bakinka ka ba da shaidar rabin ayar. Ƙarasa labarinka.

Ɗanjuma, Hausare:
Ɗaya rabin ma yana tafe Malam.

Rana ta biyu. Mutum 55 ne za su samu kuɗi, mafi ƙanƙanta dirhami 10,000, na farko kuwa abin da ya haura sefa miliyan 25. Wanda ya fita na 56 daidai yake da wanda ya fita a minti biyar na farko. Wannan gaɓar suna ce mata kumfa. Da muka rage 60 sai wasan ya canza kama gaba ɗaya. Masu jeto da yawa suka dinga ƙari a kowane zagaye, don sun san mu masu kaɗan ba za mu yarda mu fita a bakin ƙofa ba. Na fi awa ɗaya ina jefar da kati, zubin dole yana gutsurata.

Akwai wani dattijo a teburin da ke kusa da namu, ɗan Maroko, furfura fat, jetonsa bai kai nawa ba. Duk sanda ya tura nasa duka, abin da suke ce wa tapi, sai in miƙe in leƙa. Na kama kaina ina cewa a zuci, Allah ka sa ya faɗi. Wallahi da sunan Allah nake roƙo. Mutumin da ya yi mini sallama da safe har ya ba ni dabino. Sau biyu yana tsira, sau biyu ina jin haushinsa kamar ya ci mini bashi.

Mun rage 57 sai na ɗaga katina na ga as biyu, wato katin da ya fi sarki girma. Babu abin da ya fi shi a farkon wasa. Na ce tapi. Wani mai tarin jeto ya bi ni ko tunani bai yi ba, ya buɗe takwas biyu. Uku na farko ba komai. Na huɗu ba komai. Har na fara lissafin abin da dirhami 10,000 zai zama a sefa. Na biyar takwas.

Ba wanda ya yi ihu. Mai rabawa ta tura masa jeton, ya ce mini yi haƙuri da Faransanci, wani ma'aikaci ya zo ya ɗauke kujerata tun ban gama sa jakata a kafaɗa ba. Dattijon nan kuwa ya shiga kuɗi, na gan shi ana tafa masa.

Bello Kilando:
Innalillahi. Saura mutum biyu kawai! Ni da na suma.

Abakar Malamin Lissafi, Njamena:
Bari in sa baki a nan, don wannan fagena ne. Haɗin kati biyu da za a iya ba mutum daga 52 guda 1,326 ne, shida daga ciki ne as biyu, wato sau ɗaya cikin 221. As biyu a kan takwas biyu yana ci kusan sau huɗu cikin biyar. Bayan an buɗe huɗu na tsakiya, kati 44 suka rage ba a gani ba, biyu ne kawai takwas, ɗaya cikin 22 kenan. Don haka Ɗanjuma bai yi kuskure ba, ko gwanin duniya haka zai yi. Amma ku lura da abu ɗaya. Wanda zai ci gasa mai mutum 400 sai ya tsallake irin wannan karo sau da yawa. A ce sau biyar ka tura duka, kowane karo kai ne ke da huɗu cikin biyar. Damar ka tsallake duka biyar ɗin ba ta wuce ɗaya cikin uku ba. Ku ninka 0.8 sau biyar ku gani da kanku.

Ɗanjuma, Hausare:
Shi ya sa nake cewa ba kamar caca zalla ba ce. Tsohuwar nan da ta tatse ni ba sa'a ta yi ba, karanta ni ta yi. Akwai mutanen da wannan ce sana'arsu shekara da shekaru.

Abakar Malamin Lissafi, Njamena:
Akwai gwaninta, ban musa ba. Sai dai gwanintar tana bayyana ne ga wanda ya shiga gasa ɗaruruwa yana da jarin da zai jure faɗuwa. A gasa ɗaya ba ta da bakin magana. Labarin da ya ruɗi duniya na Chris Moneymaker ne, wani akawu Ba'amurke da ya samu kujera ta ƙaramar gasa a intanet, ya je Las Vegas a 2003 ya ci babbar gasar duniya, dalar Amurka miliyan 2.5. A shekarar mutum 839 ne suka shiga. Da kowa ya ji cewa ɗan koyo ya ci, a 2006 sai da suka kai 8,773. A 2024 mutum 10,112 suka shiga, kowa ya biya dalar Amurka 10,000, kusan sefa miliyan 6. Jonathan Tamayo ya ɗauki dalar Amurka miliyan 10. Wajen 15 cikin 100 ne ke samun wani abu, sauran su koma gida kamar Ɗanjuma. Sannan cikin kowace 10,000 ɗin, 9,300 ne ke shiga tukunyar da ake rabawa, 700 la'ada ce ta masu shiryawa da ma'aikata. Su kam ko wa ya ci, sun ci.

Usman Mai Albasa:
Ni fa ina da ja, kuma Malam ya yi mini afuwa. Bara na sayi albasa a Marwa lokacin da take arha, na ajiye ina jiran tsada. Rabi ya ruɓe, wanda ya rage na kai Yawunde na tarar kasuwa ta cika. Na yi asarar da ta ninka ta Ɗanjuma sau biyar. Wata shekarar kuma da dabara iri ɗaya na ci riba har na yi rufin gida. Ilimi ne da sa'a a haɗe, kamar nasa. Me ya sa nawa kasuwanci nasa caca?

Malam Hamadu, Kusiri:
Alhaji Usman, tambayarka mai kyau ce. Da ka ba manomi kuɗi, me ya ba ka? Albasa. Da matar Yawunde ta ba ka kuɗi, me ta kai gida? Albasar miya. Kowa ya tashi da wani abu a hannu, kuma ana iya wayar gari kai ka ci riba, manomi ya ci, mai mota ya ci. A teburin Ɗanjuma ba a noma komai ba, ba a ɗauko komai daga wani gari ba. Miliyan 25 ɗin na farko daga aljihun mutum 300 da wani abu da suka tashi ba komai ta fito, kuma ba yadda za a yi ya samu sai sun rasa. Wannan shi ne maisir, ko da gwaninta ko babu. Ai masu dara ma gwanaye ne, amma ranar da kowannensu ya ajiye kuɗi a gefe wanda ya ci ya kwashe, ta zama caca. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ma ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, an umarce shi ya yi sadaka. Furucin kawai kenan.

Usman Mai Albasa:
Na ji ta wajen manomi. Amma ni ma ranar da nake ajiye albasa addu'ata ita ce ta yi tsada, wato mai saye ya sha wuya. Ban ga na fi Ɗanjuma tsarkin zuciya ba.

Malam Hamadu, Kusiri:
Wannan kuma babin ɓoye abinci ne, shi ma akwai magana a kansa. Ka tuna mini ranar Juma'a, kada mu karkatar da zaren mutane.

Hajiya Ladi, Marwa:
Ku kuna ta lissafi da fatawa, ni abin da na gani da idona zan faɗa. Ƙanena da ke Domayo da babur ɗinsa yake ci da iyali. Ya fara cacar ƙwallo a waya da dala ashirin, dala arba'in. Shi ma cewa yake ba sa'a ba ce, ya san ƙwallo, ya san wanda ya ji rauni da wanda aka dakatar. Wata rana ya ci jaka 80, ranar ce ta kashe shi. Cikin wata bakwai babur ya tafi, matarsa ta dawo gidana da yara biyu. Don haka ni Ɗanjuma, da takwas ɗin nan ta fito, gata aka yi maka. Da ka shigo Garwa da jaka 600 a aljihu, da yanzu kana neman wani horon a Maroko.

Ɗanjuma, Hausare:
Hajiya ai ni abin da na rasa bai taka kara ya karya ba. Dirhami 660 ne, jaka 40 kenan.

Abakar Malamin Lissafi, Njamena:
Ɗanjuma, ka ce ɗaya cikin goma ke samun kujera. Karon farko ka samu?

Ɗanjuma, Hausare:
A'a.

Abakar Malamin Lissafi, Njamena:
Na nawa?

Ɗanjuma, Hausare:
Na uku. Ana iya sake shiga in an fitar da kai da wuri.

Abakar Malamin Lissafi, Njamena:
To 1,980 kenan, wajen jaka 120. Sai masaukin kwana uku da jirgin ƙasa. Kuma kujerar da ka samu ta 6,000 ce, ita ma ka zauna a kanta ta narke.

Bello Kilando:
Shi ya sa tsarabar tawa ta zo maɓallin makulli ɗaya tal mai hoton raƙumi. Yanzu na gane.

Ɗanjuma, Hausare:
Ku yi dariyarku. Abin da ban faɗa ba shi ne, da na fito daren nan na zauna a bakin titi, hasumiyar Kutubiyya tana can da fitilu, ni kuwa wayata na ciro ina duba ko akwai wata gasar washegari. Akwai, ta dirhami 1,500. Abin da ya hana ni shi ne kuɗin da ya rage mini na jirgin ƙasa ne zuwa Kasabalanka. Ba wai na yi hankali ba ne. Yau mako uku da dawowata, har yanzu in na rufe ido takwas ɗin nan nake gani tana juyowa, ina ta cewa da na jefar da as ɗin na jira mutum biyu su fita.

Abakar Malamin Lissafi, Njamena:
A lissafin irin gasar taku bai kamata ka jefar ba. Amma ba zan ƙara maka lissafi ba, na ga kamar ina zuba wa wuta kalanzir.

Sadiƙu Ƙarami, Yelwa:
Yaya Ɗanjuma don Allah wace manhaja ka koya da ita? Kuma ƙaramar gasar nan ana iya shiga daga nan ta waya?

Hajiya Ladi, Marwa:
Kun gani ko? Duk abin da aka faɗa, miliyan 25 kawai yaron nan ya ji.

Ɗanjuma, Hausare:
Sadiƙu ba zan faɗa maka ba, kada ma ka biyo ni ta gefe. Ka ci jarrabawarka tukuna.

Malam Hamadu, Kusiri:
Ɗanjuma, tunda ba ka ci komai ba, babu kuɗin da za ka rabu da shi. Abin da ke kanka tuba ne, da goge abin daga wayarka, don shi ne ƙofar. Dattijon da ka yi wa mugun fata kuma ka roƙa masa shiriya tare da kanka.

Ɗanjuma, Hausare:
Na ji Malam. Ta wayar dai ba kuɗi ake sawa ba.

Malam Hamadu, Kusiri:
Murfin kwalbar Dang ma ba kuɗi ba ne.

Bello Kilando:
Af, Ɗanjuma, akwai abin da na manta ban gaya maka ba. Ranar Talata na sa Yaya Sale a zauren nan, saboda maganar filin Lainde da ake yi.

Ɗanjuma, Hausare:
Wane Yaya Sale?

Alhaji Sale:
Naka. Tun daga "kada ta kai gida" nake karantawa. Jaka 150 da ka karɓa a wurina kafin tafiya ka ce na rigar sanyi ne da tsarabar Inna. Inna ta samu ɗankwali ɗaya. Ka same ni a shago bayan isha'i, ka taho da rigar sanyin in gani.

Ɗanjuma, Hausare:
To Yaya.

Bello Kilando:
In kana son a kai ka, ina nan bakin kasuwa. Dala arba'in ne, ba bashi.